Gada, Mashigi da Fito: Nazarin Tasirin Hanyoyin Tsallaka Ruwa a Wasannin Intanet na Taron 'Yan Wasa

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin yadda ƙara gada ko wata hanyar tsallaka ruwa ke sauya yanayin wasan kwamfuta da mutane da yawa ke bugawa tare ta intanet. Manufarta ita ce fito da abubuwan da ya kamata mai tsara taswirar wasa ya auna kafin ya ɗora gada a kan kogi. An ɗora nazarin a kan ra'in ɗigo da layi wanda ya samo asali daga aikin Leonhard Euler na shekarar 1736. An ɗauki taswirar Erangel ta wasan PUBG a matsayin babban misali, sannan aka kwatanta ta da taswirorin wasu wasanni. Takardar ta gano cewa ƙarfin gada a wasa ya fi dogara da tsadar sauran hanyoyin da ke kusa da ita fiye da tsawonta ko faɗinta. Inda gada ta kasance ita kaɗai ce hanya, takan zama tarko. Inda kuma hanyoyi suka yi yawa, kogin kan rasa amfaninsa. A ƙarshe, takardar ta ba da shawarwari ga masu sha'awar ƙirƙirar irin waɗannan wasanni.

Fitilun Kalmomi: Gada, Mashigi, Fito, Taswira, Wasan Kwamfuta, Daidaito

1.0 Gabatarwa

Wasannin kwamfuta da ake bugawa ta intanet sun zama wani ɓangare na rayuwar matasa a faɗin duniya, ciki har da matasan Hausawa waɗanda da yawansu ke buga su a wayoyin hannu. Filin da ake fafatawa a cikinsa a irin waɗannan wasanni shi ake kira taswira. Duk wani tudu ko bango ko kogi da ɗan wasa ya gani a taswira, wani ne ya zauna ya zaɓa masa gurbi, kuma zaɓin nan yana da hannu a kan wanda zai yi nasara da wanda zai sha kaye.

Daga cikin abubuwan da ake sanyawa a taswira, kogi na sahun gaba wajen tasiri, domin yana raba fili biyu, yana kuma rage wa ɗan wasa sauri. Da zarar an ɗora masa gada, an buɗe ƙofa ke nan a jikin katanga, kuma kowa ya san inda ƙofar take. Wannan ne ya sa aikin da ake ganin kamar ƙarami ne yake iya gyara wasa ko ya ɓata shi. Idan 'yan wasa suka fahimci cewa wurin da mutum ya tsaya ne ke ba shi nasara ba ƙwarewarsa ba, sai su fara janye jiki. Wasan intanet kuwa da yawan jama'a yake rayuwa: idan suka ragu, jiran abokan karawa ya yi tsawo, waɗanda suka saura ma sai su gaji su tafi. Saboda haka, tambayar da takardar ta sa a gaba ita ce: mene ne ke sa gada ta zama dandalin fafatawa mai armashi, mene ne kuma ke mayar da ita mahallaka?

1.1 Dabarun Gudanar da Bincike

An tattara bayanai ta hanyar lura da tsarin taswirorin wasannin da aka zaɓa, da kuma bibiyar sanarwar da kamfanoni ke fitarwa a duk lokacin da suka yi wa wasa kwaskwarima. An taƙaita nazarin a kan wasannin da ake karawa tsakanin mutum da mutum, in ban da wuri guda da aka kawo misalin wasan taimakekeniya domin kwatance. Alƙaluman da aka yi lissafi da su a sashe na 3.1 na misali ne kawai, an zaɓe su domin sauƙaƙa fahimta.

1.2 Ra'in Bincike

A ƙarni na goma sha takwas, birnin Konigsbag, wanda a yau ake kira Kaliningrad a ƙasar Rasha, yana da gadoji bakwai a kan kogin Pregel, waɗanda suka haɗa yankuna huɗu na birnin. Mutane sun daɗe suna tambayar ko zai yiwu a bi ta kan kowace gada sau ɗaya tak a tafiya guda. Euler ya amsa tambayar ta hanyar watsar da duk abin da bai shafe ta ba. Ya mayar da kowane yanki ɗigo, kowace gada kuma layi. Daga nan ya nuna cewa tafiyar ba za ta yiwu ba sai idan ɗigogin da adadin layukansu mara ne ba su wuce biyu ba. A Konigsbag kuwa yanki ɗaya na da gadoji biyar, sauran ukun kowanne na da uku, wato duka huɗun mara ne.

Abin da ya shafi wannan takarda a aikin Euler shi ne hanyar da ya bi. Ana iya mayar da kowace taswirar wasa ɗigogi da layuka, a kuma ƙirga hanyoyin da ke tsakanin kowane yanki biyu. A shekarar 1927 Karl Menger ya tabbatar da wata ƙa'ida da ta ƙara wa ra'in ƙarfi, wadda ke nuna cewa adadin hanyoyi masu zaman kansu tsakanin wurare biyu daidai yake da mafi ƙarancin adadin wuraren da za a toshe a raba su. A harshen wasa, idan gadoji biyu ne kawai suka haɗa yankuna biyu, to tawagogi biyu sun isa su rufe zirga-zirga gaba ɗaya.

2.0 Nau'o'in Tsallaka Ruwa a Wasa

Harshen Hausa ya riga ya bambance hanyoyin ƙetare ruwa, kuma bambancin ya dace da abin da ake samu a wasanni. Akwai gada, akwai mashigi, akwai fito, akwai kuma iyo. Kowanne na da farashin da ɗan wasa ke biya.

Gada hanya ce mai sauri wadda mutum da mota ke bi. Farashinta shi ne bayyana, domin miƙaƙƙiya ce, siririya, kuma an san farkonta da ƙarshenta.

Mashigi wuri ne da ruwa bai yi zurfi ba, ana ratsa shi da ƙafa. A wasan Age of Empires II na shekarar 1999, 'yan wasa ba sa gina gada a karawar yau da kullum. Mashigai ne ke haɗa gaɓa da gaɓa, kuma sojan ƙasa da jirgin ruwa duk suna iya bi ta cikinsu. Wannan ya sa mashigi ya zama wurin da rundunar ƙasa da ta ruwa ke haɗuwa. A wasan Dota 2 na kamfanin Valve, wanda aka fitar a shekarar 2013, kogin da ya raba taswira a karkace gaba ɗayansa mashigi ne. Sai dai yana cikin kwari, wanda ke cikinsa ba ya ganin abin da ke kan tudu, kuma harbin da ya yi daga ƙasa zuwa tudu yana da yiwuwar kuskurewa da kashi 25 cikin ɗari. Ke nan ruwan bai hana kowa wucewa ba, amma wanda ya shiga ya sa kansa a matsayi mai rauni.

Fito shi ne haye ruwa da jirgi ko kwale-kwale. Farashinsa jira ne ko nema, domin jirgin ba ya samuwa a kowane lokaci ko a kowane wuri.

Iyo kuwa ana yin sa a ko'ina, amma shi ne mafi jinkiri, kuma a wasanni da dama mai iyo ba ya iya amfani da makami.

Muhimmin abin lura shi ne, waɗannan hanyoyi huɗu ba a auna ɗaya ba tare da sauran ba. Idan aka sauƙaƙa iyo, gada ta rage daraja ko da ba a taɓa ta ba. Idan aka janye kwale-kwale daga gaɓa, gada ta ƙara haɗari ko da an faɗaɗa ta.

3.0 Gada a Matsayin Matsatsi

Tarihin yaƙe-yaƙe ya nuna yadda gada ke karya lagon runduna mai yawa. A ranar 11 ga Satumba, 1297, dakarun Sikotilan a ƙarƙashin William Wallace da Andrew Moray sun jira har wani ɓangare na rundunar Ingila ya haye siririyar gadar katako ta Stirling, sannan suka far masa, alhali sauran rundunar na ɗaya gaɓar ba ta da ikon kai ɗauki. A shekarar 1916 injiniyan Birtaniya Frederick Lanchester ya bayyana lissafin da ke ƙarƙashin irin wannan al'amari. A faɗan da kowa ke iya auna kowa da makami, ƙarfin runduna na tafiya ne da ninkin adadinta a kan kansa. Mutum goma da mutum biyar, in makamansu ɗaya ne, ƙarfinsu kamar 100 ne da 25. To, idan gada ta tilasta wa goman nan fitowa bibbiyu, kowane rukuni zai zo da ƙarfin 4 ya tarar da 25 na jiran sa. Yawan da ya kamata ya ba su rinjaye ya tashi a banza.

Wannan ne dalilin da ya sa wurin da aka ajiye gada ke iya fifita ɓangare ɗaya. A fagen Alterac Valley na wasan World of Warcraft, wanda aka buɗe a shekarar 2005, mutum arba'in ke karawa da arba'in. Hanyar shiga sansanin Dun Baldar ta bi ta kan wata gada da ke ƙarƙashin idon hasumiyoyin maharba, kuma 'yan ɓangaren da ke kai hari a can sun daɗe suna ƙorafin cewa sansaninsu ba shi da irin wannan kariya. Akasin haka ake samu a taswirar 2Fort ta wasan Team Fortress 2 na shekarar 2007. A nan gada ɗaya ce a tsakiya, sansanonin biyu kuma tamkar an tsaga kara. Maharban nesa na tsaron gadar daga benayen kowane ɓangare, amma wanda ya ƙi bin ta yana iya faɗawa ruwan da ke ƙarƙashinta ya shiga sansanin abokan gaba ta magudanar ruwa. Gadar ta ci gaba da zama zuciyar faɗa, ba tare da ta zama ita kaɗai ce ƙofa ba.

3.1 Lissafin Nisan da Gada ke Janyo Ɗan Wasa

Mai tsara taswira na iya lissafa iyakar yankin da gada za ta janyo mutane daga cikinsa. A ɗauka faɗin kogi mita 200 ne, ɗan wasa na gudun mita 6 a daƙiƙa, yana kuma iyon mita 2 a daƙiƙa. Iyo kai-tsaye zai ci daƙiƙa 100. A cikin wannan lokaci mai gudu zai yi mita 600. Idan aka cire mita 200 na kan gada, saura 400, wato 200 na zuwa gadar da 200 na dawowa daidai inda yake son sauka. Ke nan mai tafiya a ƙasa ba zai ci ribar lokaci a gada ba sai yana cikin mita 200 daga bakinta.

Idan aka ba shi mota mai gudun mita 20 a daƙiƙa, lissafin ya sauya. A daƙiƙa 100 zai yi mita 2,000. A cire 200, a raba saura biyu, an sami 900. Wato mota ta faɗaɗa yankin da gada ke janyowa fiye da ninki huɗu. Wannan ya nuna cewa ƙara motoci a taswira, ko ƙara musu sauri, daidai yake da tura ƙarin mutane kan gada. Haka kuma, idan ana son gadoji biyu su raba cunkoso, dole a duba tazarar da ke tsakaninsu da wannan ma'auni. In sun yi kusa da juna ƙwarai, tawaga ɗaya za ta tsare su duka. In sun yi nisa ƙwarai, wanda ya tarar da ɗaya a rufe ba shi da lokacin zuwa ɗayar.

4.0 Taswirar Erangel

An fitar da wasan PUBG a shekarar 2017 daga ƙasar Koriya ta Kudu, a ƙarƙashin jagorancin Brendan Greene, sannan na wayar hannu ya biyo baya a 2018. Mutane har ɗari ke sauka da laima daga jirgin sama, kowa ya nemi makami, wanda ya saura a ƙarshe shi ne zakara. Domin kada wasa ya yi ta jan ƙafa, akwai da'irar tsira da ke ƙara tsukewa lokaci bayan lokaci, duk wanda ya tsaya a wajenta lafiyarsa na raguwa har ya faɗi.

Erangel ita ce taswirar farko ta wasan, girmanta kilomita 8 ne tsawo da 8 faɗi. A kudancinta akwai tsibirin Sosnovka mai ɗauke da sansanin soja, inda ake samun makamai da kayan kariya masu kyau. Ruwan da ya raba tsibirin da babban yankin na teku ne, amma aikin kogi yake yi a tsarin wasan. Gadoji biyu ne suka haɗa su, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma.

4.1 Matsalar Kwanton Ɓauna

Idan aka mayar da wannan tsari ɗigo da layi, za a ga ɗigo biyu da layi biyu. Sauran hanyoyin suna da tsada: mai iyo ba ya iya harbi, tafiyarsa kuma a hankali take, kwale-kwale kuwa sai an yi sa'ar samun sa a gaɓa. A kan wannan sai da'irar tsira ta ƙara matsin lokaci. Bahaushe na cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara, amma da'irar ba ta ba da wannan dama. Idan ta faɗa babban yanki, duk wanda ke tsibirin dole ya haye. Idan ta faɗa tsibirin, jama'ar babban yanki ce za ta kwararo.

Sakamakon haka shi ne dabarar da ta yi suna a tsakanin 'yan wasa, wato tare gada. Tawagar mutum huɗu kan riga kowa isa, ta gitta motoci a hanya, ta fake a bayansu ko bayan tarkacen da ke kan gadar, ta jira masu zuwa. Mai tarewa ya san ta inda za a zo, ya san kusan lokacin da za a zo, yana kuma da mafaka. Mai hayewa ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. Dabarar ba ta saɓa wa dokar wasa ba, kuma wasu na ganin ta a matsayin wani ɓangare na daɗin taswirar. Matsalar ita ce yadda ribar ta karkata gefe guda, har ta kai wanda aka tare ba shi da wata dabara da ƙwarewarsa za ta fitar da shi.

4.2 Ƙarin Jiragen Fito

A shekarar 2020 kamfanin ya sanya jiragen fito da ke kai da kawowa tsakanin kudancin babban yanki da tsibirin. 'Yan wasa ba sa tuƙa su. Suna bin ƙayyadadden layi, su tsaya a mashaya na ɗan lokaci, su busa ƙaho kafin su tashi. A mahangar ra'in da aka ɗora nazarin a kai, an ƙara layuka ke nan tsakanin ɗigogin biyu, saboda haka adadin wuraren da za a toshe ya ƙaru. Abin sha'awa shi ne ba a mayar da sabuwar hanyar kyauta ba. Mai fito zai jira jirgi, ƙahon zai sanar da na kusa, kuma an san inda jirgin zai tsaya. An sauya masa nau'in haɗari ne, aka ba shi damar zaɓen wanda ya fi iya ɗauka.

4.3 Gyaran Gadojin

A shekarar 2021 aka koma kan gadojin kansu. An faɗaɗa su, an ƙara musu siraran hanyoyin ƙafa, an kuma sake jera abubuwan fakewa da ke kansu. Faɗin ya sa toshe hanya da motoci ya ƙara wuya. Hanyoyin ƙafar kuma sun mayar da layi ɗaya ya zama layuka a jere, ta yadda mai tarewa dole ya raba hankalinsa. Da an so, da an gina gadoji biyar ko an ƙafar da ruwan, matsalar ta kau nan take. Amma da an yi haka, da garin gyaran gira an rasa ido, domin haɗarin fita daga tsibirin shi ne kuɗin da mutum ke biya a kan kyawawan makaman sansanin soja. In aka cire haɗarin, daidaiton taswirar gaba ɗaya ya tafi.

5.0 Gadar da Ake Rushewa da Wadda Ake Ginawa

Wasu wasanni sun miƙa wa 'yan wasa ikon sauya layukan da kansu. A Company of Heroes na shekarar 2006 ana iya rushe wasu gadoji da nakiya, injiniyoyi kuma su gyara su. A kashi na biyu na wasan, wanda ya fito a 2013, koguna kan daskare su zama hanya, amma harbi na iya fasa ƙanƙarar ya nutsar da tanka. A wasan Foxhole na kamfanin Siege Camp da ke Kanada, yaƙi guda kan ɗauki makonni, kuma 'yan wasa ne ke ƙera makamai da jigilar su zuwa fagen daga. Rushe gada a nan na nufin yanke wa dakarun gaba kayan aiki, sake gina ta kuma sai an kawo kaya an yi aiki a ƙarƙashin ruwan harsasai. Bugu da ƙari, wasu gadojin ana ɗaga su domin jirgin ruwa ya wuce, wato buɗe hanyar ruwa na nufin rufe ta ƙasa.

Ƙa'idar da ke fitowa daga waɗannan misalai ita ce dangantakar tsadar rushewa da ta ginawa. Idan rushewa ta yi arha ƙwarai, ɓangaren da ke tsaro zai karya kowace gada tun farkon wasa, kowa ya zauna a gaɓarsa, wasa ya yi sanyi. Idan ginawa ta yi arha ƙwarai, rushewar ba ta da ma'ana.

Wasan Death Stranding na Hideo Kojima, wanda ya fito a 2019, ya nuna wata fuskar. 'Yan wasa ba sa ganin juna, amma gada ko tsanin da wani ya ɗora a kan rafi na iya bayyana a duniyar wani, shi kuma ya aika masa da alamar yabo. Inda babu abokin gaba da zai tare hanya, gada ta koma aikinta na asali, wato sada mutane.

6.0 Ƙalubalen Fasaha

Baya ga batun daidaito, ƙara gada na zuwa da matsalolin aiki guda huɗu.

Na farko shi ne tsayi biyu a wuri ɗaya. Wasanni da yawa na adana siffar ƙasa a jadawalin da ke ba kowane wuri tsayi guda. Gada kuwa tana da sama da ƙasa: mota na wucewa a kai, jirgi na wucewa a ƙarƙashi. Dole a gina ta a matsayin abu mai zaman kansa, a kuma daidaita bakinta da gaɓa sosai, domin 'yar tazara kaɗan na iya maƙale ɗan wasa ko ta kifar da mota.

Na biyu shi ne neman hanya. Dakarun da kwamfuta ke sarrafawa na amfani da dabaru irin su A*, wadda Peter Hart da Nils Nilsson da Bertram Raphael suka wallafa a 1968, domin gano hanya mafi gajarta. Da yake kowannensu lissafi ɗaya yake yi, sai su taru a bakin gada su cushe. Idan kuma gadar ta rushe, dole a sabunta lissafin nan take, in ba haka ba su yi ta nufar hanyar da babu ita.

Na uku shi ne daidaita labari. A wasan intanet akwai babbar kwamfuta, wato saba, wadda ke yanke hukuncin abin da ya faru. Halin da gada ke ciki, ko tana tsaye ko ta rushe ko an ɗaga ta, dole ya isa ga kowa, har da wanda ya shigo wasan daga baya. Jirgin fito ya fi wannan wuya, domin dandamali ne mai motsi, kuma sai an lissafa matsayin wanda ke kansa dangane da jirgin.

Na huɗu shi ne jinkirin sadarwa. Saƙo na tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin igiyar haske. Wanda ke nesa da saba da kilomita 5,000 ba zai sami amsa a ƙasa da kashi 50 cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma a zahiri yakan fi haka. Motar da ke gudun mita 20 a daƙiƙa na yin mita 4 a cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. A buɗaɗɗen fili wannan ba wani abu ba ne, amma a siririyar gada yana iya zama bambanci tsakanin kaucewa da karo. Batun ya shafi 'yan wasan Afirka ta Yamma kai-tsaye, domin sau da yawa sabar da suke haɗuwa da ita tana Turai ko Gabas ta Tsakiya. Ƙunƙuntar gada ta fi cutar da wanda sadarwarsa ke da jinkiri.

7.0 Sakamakon Bincike da Shawarwari

Binciken ya gano abubuwa kamar haka:

i. Ƙarfin gada na ƙaruwa ne gwargwadon tsadar sauran hanyoyin tsallakawa da kuma matsin lokacin da ke kan ɗan wasa.

ii. Ana rage kaifin gada ta hanya biyu: ƙara wata hanya daban, ko raba ita kanta gadar zuwa layuka. An bi duka biyun a Erangel.

iii. Sabuwar hanya na amfani ne idan nau'in haɗarinta ya bambanta da na gada, domin a nan ne zaɓi ke samuwa.

iv. Sauye-sauyen da ba su taɓa gada ba, kamar saurin mota ko na iyo, na iya sauya matsayinta.

Bisa wannan, ana ba mai tsara taswira shawarar ya zana ta da ɗigo da layi tun kafin ya fara gini, ya tabbatar akwai aƙalla hanyoyi biyu masu mabambancin farashi tsakanin kowane muhimman yankuna biyu. Ya sanya mafaka a bakin gada ta kowace gaɓa daidai wa daida, ya kuma samar wa mai hayewa hanyar gane cewa an tare gaba kafin ya hau. Sannan ya gwada taswirar da mutane na gaske, ciki har da masu raunin sadarwa, ya riƙa adana bayanin wuraren da aka fi faɗuwa domin ya ga inda cunkoso ke taruwa.

8.0 Kammalawa

Takardar ta bibiyi matsayin gada da mashigi da fito a wasannin intanet na taron 'yan wasa, ta nuna cewa kowace hanyar tsallaka ruwa doka ce da ke ƙayyade wanda zai haɗu da wani, a ina, kuma wa zai fi samun dama. Misalin Erangel ya nuna yadda aka ɗauki shekaru ana neman matsakaicin matsayi tsakanin gadar da ta zama tarko da ruwan da ba ya hana komai. Ga matasan Hausawa da suka fara sha'awar ƙirƙirar wasanni, kalmomin gada da kadarko da mashigi da fito sun isa su tattauna wannan fanni da harshensu. Akwai buƙatar wani nazari da zai tattara kalmomin da 'yan wasan Hausawa ke amfani da su a yayin karawa, domin a ga waɗanda suka ara da waɗanda suka ƙirƙira.